Gishirin da ke haske idan ya ji zafi

Gishirin girki fari ne, amma idan aka daɗe ana haska shi da hasken gamma, wani haske mai ƙarfin gaske da ido ba ya gani, irin wanda ƙarfen kobalt-60 ke fitarwa, sai ya rine ya koma ruwan ƙasa-ƙasa. Hasken yana tunkuɗe ilektiron, wato ƙananan ƙwayoyi masu cajin lantarki, daga mazauninsu, su faɗa guraben da kilorin, ɗaya daga sinadarai biyu da suka haɗa gishiri, ya bari a cikin ƙwayar gishirin, su maƙale. Waɗannan gurabe su ake kira cibiyoyin F, daga kalmar Jamusanci Farbe, wato launi. Suna shanye shuɗin haske, shi ya sa gishirin ke rinewa. Gishirin kansa ba ya fitar da tururin nukiliya, kuma wannan ce tambayar farko da ɗalibai kan yi.

Rinannen gishirin nan yana yin haske idan ya ji zafi, kuma ga yadda malami zai nuna wa ɗalibai hakan a aji. A kunna murhun lantarki mai shimfiɗaɗɗen kai tun kafin darasi, ya kai kusan digiri 250 a ma'aunin Salshiyos. Kada a bari ƙarfen ya yi ja, don jansa zai danne abin da ake son gani. A liƙe ƙaramar fitilar jikin murhun da baƙin salatef. Sai a kashe wutar aji, a toshe tagogi, a jira minti biyar zuwa goma idanu su saba da duhu. Nan ne akasari ake yin asara: malami ya ƙagu, ya zuba gishiri bayan daƙiƙa talatin, 'yan bencin baya su ce ba su ga komai ba.

Rubu'in cokalin shayi na rinannen gishirin ya isa. A barbaɗa shi, kada a tsiba, domin tsibi na ƙasa kaɗai ke jin zafi, na sama kuma ya rufe haskensa. Zafin yana sakin ilektiron da suka maƙale, su koma wurinsu, su saki ƙarfin da suka riƙe a matsayin haske mai rauni na 'yan daƙiƙoƙi. A sa tabarau na kariya, gishiri yakan yi tartsatsi.

Da an kunna wuta za a ga ya koma fari fat, kuma ba zai sake yin haske ba. A barbaɗa gishirin kanti a gefe don kwatanci, shi ba zai yi komai ba. Ragowar rinannen gishirin a adana ta cikin baƙar kwalba mai murfi, nesa da rana da danshi, don hasken rana ma yana sakin ilektiron ɗin sannu a hankali har gishirin ya koɗe.