Sauya tiyon haidirolik a motar haƙa: yadda muke aikin a Garwa

Ƙaramin garejina yana Garwa, kuma mafi yawan abincinmu yana fitowa ne daga tiyon haidirolik, wato tiyon da ke kai mai da matsi zuwa silindar da ke motsa hannuwa, na manyan motocin aiki, musamman motar nan mai bokitin ɗiba a gaba da hannun haƙa a baya, wadda ake kira taraktofel. Waɗanda suka fi zuwa hannunmu su ne JCB 3CX da Caterpillar 428 da Case 580, kuma akasarinsu sun shigo ne ta tashar jiragen ruwa ta Duwala bayan sun ci wani zamani suna aiki a Turai. Ƙarfensu yana da sauran kwana, amma robar tiyonsu ta riga ta tsufa tun kafin ta haɗu da zafin Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40 a bakin Binuwai.

Masu mota sukan ɗauka ƙarfin mai ne ke fasa tiyo, tunda matsin da famfo ke turawa ya haura bar 200 (bar shi ne ma'aunin matsi), a wasu motocin ma yana kusantar 250. Abin da nake gani a teburin aiki daban ne. An ƙera tiyo mai kyau ya jure ninki huɗu na matsin da aka rubuta a jikinsa kafin ya fashe, saboda haka da wuya matsi kaɗai ya kashe shi. Yawancin waɗanda ake kawo mini, ko dai sun goga da ƙarfe har saƙar wayar ciki ta bayyana ta yi tsatsa, ko an murɗe su wajen ɗauri, ko an tanƙwara su a gindin rakor, wato ƙarfen bakin tiyo. Duk wannan laifin hanyar da aka bi da tiyon ne, shi ya sa nake gaya wa yaran gareji cewa haɗa sabon tiyo rabin aiki ne, shimfiɗa shi a jikin mota shi ne sauran rabin.

Ba a taɓa sifana sai an sauke bokitin gaba da na baya da ƙafafun mota a ƙasa, an kashe injin, an kaɗa kowace liba gaba da baya don matsin da ya maƙale ya sauka, sannan a sassauta murfin tanki a hankali. Hannun da aka bari a sama, man da ke cikin silinda ne kawai ke riƙe da shi, kuma da an kwance tiyo zai faɗo da dukan nauyinsa. Bayan haka mukan ɗauki hoton wurin da waya, mu ɗaura wa kowane tiyo alama mai launi a bakinsa biyu, domin a akwatin bawul na baya tiyoyi sun yi cunkus, kuma idan aka musanya biyu, direba zai ja liba hannu ya tafi inda bai nufa ba.

A jikin tsohon tiyo akwai layin rubutu da ke faɗin irinsa. 2SN, ko SAE 100R2, mai saƙar waya biyu ne, 4SP kuwa mai naɗin waya huɗu ne. Girma yana canza ƙarfi ƙwarai: 2SN mai rabin inci yana ɗaukar bar 275, amma mai kashi uku cikin huɗu na inci bar 215 kawai yake ɗauka, don haka ba ya dacewa da layin da ya fito daga famfo ko da ya shiga daidai. Rakor ma iri-iri ne. JCB ta Ingila tana yawan amfani da BSP, Caterpillar tana son ORFS mai shimfiɗaɗɗiyar fuska da zoben roba, ga kuma JIC mai kusurwar digiri 37. Wasu suna kama da juna har su hau zagaye biyu ko uku, sai mai gaggawa ya ƙarasa da ƙarfi ya lalata haƙoran silinda. Bayan injin matsewa ya kama rakor, sai mun auna kaurin wurin mun gwada da teburin kamfanin da ya ƙera shi, kuma ba na yarda a haɗa tiyon wani kamfani da rakor na wani.

Ƙura ita ce babbar abokiyar gabarmu, balle a lokacin hunturu. Zarton da ake yanka tiyo da shi ma yana barin garin roba da na waya a cikin tiyo, kuma idan suka bi mai, famfo da bawul ne za su biya. Mukan hure cikinsa mu wanke, mu toshe baki biyu, ba a buɗewa sai lokacin ɗauri.

Wurin da ya fi cin hankali shi ne turken da hannun baya ke juyawa a kansa. Hannun yana kaiwa dama da hagu kusan digiri 180, a motoci irin 3CX kuma duk turken yana zamewa gefe, kuma dole tiyoyin su bi wannan motsi ba tare da sun miƙe tsaf ko sun naɗe ba. Tiyo yana iya gajarta idan matsi ya shige shi, har kashi 4 cikin ɗari na tsawonsa, saboda haka wanda aka yanka cif-cif zai riƙa fizgar rakor har ya zare. Wanda ya yi tsawo fiye da kima kuma zai yi lilo ya kama dutse ko reshe a bakin rami. Kowane tiyo yana da iyakar lanƙwasa. Na rabin inci 2SN ba ya son baka da rabin faɗin da'irarta ya gaza milimita 180, kuma dole a bar ɗan miƙaƙƙen wuri bayan rakor kafin lanƙwasar ta fara. Inda wuri ya ƙure, gara a sa rakor mai gwiwa ta digiri 45 ko 90 da a tilasta wa roba. Wajen ɗauri sifana biyu ake riƙewa, ɗaya ta tsayar da tiyo ɗaya ta juya noti, ido kuma yana kan layin rubutun nan, domin idan ya karkace kamar igiyar da aka tufka, tiyon ya murɗe, sai a sassauta a sake. Maɗauran da ke riƙe tiyo a jikin hannu, waɗanda ake yawan yarwa saboda ƙyuya, dukkansu sai sun koma mazauninsu, inda gogayya ba ta da makawa kuma mu sa rigar roba mai naɗi. Tiyon da ya bi kusa da salansa a kauce da shi, domin irin wannan roba iyakarta digiri 100.

Idan an gama, direba ya tada mota, ya kai kowane hannu ƙarshensa a hankali, mu kuma muna kallon kowane tiyo daga nesa kaɗan. Yoyo da kwali ake nemansa, ba da hannu ba. Man da ke fita ta ƙaramin huji yana iya huda fata ya shiga nama, ciwon ya yi kama da sukar allura, alhali yana bukatar tiyata cikin gaggawa, kuma jinkiri yana iya cin yatsa ko hannu. Wannan magana ba na gajiya da maimaita ta ga direbobi.

Inda muke yawan ja-in-ja da masu mota shi ne batun kuɗi. Wani zai ce: "Malam, a yanke wurin da ya fashe a haɗa, aiki na jirana a Lagdo." Nakan ce: "Alhaji, ka yi haƙuri, tiyon da ya fashe a nan, ɗan'uwansa da ke gefensa shekarunsu ɗaya, kuma man da zai zube a daji ya fi sabon tiyo tsada." Na san halin da yake ciki, domin kwangilar magudanar ruwa ba ta jiran damina, kuma kayan kirki sai sun hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundare sannan su biyo mota, ko a samo su ta Yola. Saboda haka nake ajiye girman da aka fi nema a shago, kuma duk motar da ta shigo muna rubuta tsawo da irin rakor na tiyoyinta a littafi, ta yadda idan direba ya kira daga wajen Gidar ko Poli, za mu haɗa tiyon a nan mu aika da bakanike ya ɗaura shi a can.