Kwana biyu a bakin teku cikin danfo mai gado

A gidanmu na Damagaram, daga watan Maris har saukar ruwan farko, ba mai kwana a ɗaki. Da an idar da isha'i Inna za ta sa a yayyafa wa tsakar gida ragowar ruwan wanke-wanke, a baza tabarmi, kowa ya miƙe yana kallon taurari har barci ya sace shi. Ban taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba sai da na biyo maigidana Legas a farkon 2021, aka nuna mini ɗakinmu a Agege. Gidan haya ne mai ɗaki goma sha biyu, shida na kallon shida, da siririn lungu a tsakiya. Tagarmu ɗaya ce, in ka buɗe ta bangon maƙwabta za ka gani. A makon farko zafi ya ishe ni, na ja tabarma zuwa bayan gida wajen igiyar shanya. Wata dattijuwar Bayarabiya da ke ɗakin farko ta biyo ni tana tafa hannu: “Iyawo! Iyawo!” Da nuni da guntun Hausarta ta fahimtar da ni cewa ga sauro, ga ɓeraye, kuma gobe duk layin zai ɗauka miji ne ya koro ni. Na naɗe tabarmata na koma ciki.

Sauran abubuwa na saba da su da wuri. A Agege mutum zai wuni bai yi wani yare ba sai Hausa, tun zamanin fataucin goro mutanenmu ke nan. Sai dai da na buɗe baki ake gane ni. Ranar da na ce wa mata a wani gidan suna yayana mushe ne a lakwal, wata har salati ta yi, don a wajensu mushe dabba ce da ta mutu ba yanka, a wajenmu kuwa malamin makaranta. Faransancin da na yi shekara shida ina koya bai saya mini ko barkono ba a kasuwa. Lissafin naira na daina juya shi zuwa sefa bayan wata uku, don in na juya raina ne ke ɓaci.

Maigida gyaran jikin mota yake yi da walda, kuma rabin aikinsa danfo ne, motocin hayan nan masu launin ɗorawa da baƙin zane biyu. Yawancinsu Volkswagen ne tsofaffi, samfurin da aka fara ƙerawa a Jamus a 1979, mai inji a baya. Legas ta daɗe da wannan kamfani, har masana'antar haɗa motocinsa aka buɗe a Ojo a 1975, shi ya sa ake kiran wata tasha a hanyar Badagry da Volks. Abin da ban sani ba sai da ya nuna mini shi ne, a can Turai irin wannan motar ce wani kamfani mai suna Westfalia ke mayarwa gida: kujerar baya ta zama gado, ga kabad, ga murhun gas, ga ɗan wurin wanke kwanuka da tankin ruwa, rufin kuma a tura shi sama ya miƙe kamar tanti. Bature da matarsa su ɗauki karensu su tafi gefen daji ko bakin ruwa su yi hutu a ciki. In ta tsufa a loda ta a jirgi zuwa Afirka, mai saye a nan ya kawo gareji a fasa duk kayan nan a jera benci. Wata irinta ce aka kawo wa maigida, injin ya buga, mai ita ya gaji ya sayar masa a kuɗin ƙarfe. Shi kuma ya rasa zuciyar fasa ta. Shekara biyu yana lallaɓa ta da daddare, abokan aikinsa na kiranta amaryar Buzu, don a nan duk wanda ya fito Nijar Buzu ne ko da bai taɓa hawan raƙumi ba.

Ni dariya abin ya ba ni. Na ce, “Malam, wato Nasara sai ya biya kuɗi kafin ya kwana a waje?” Ya ce, “Ke yanzu nawa za ki biya?” Ban ba shi amsa ba.

Sai ga 26 ga Yuli 2023, sojoji suka kifar da Bazoum a Yamai. Kafin mu gama jin labari an rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar. Ɗiyarmu ɗaya tana wajen Inna tun 2022, mun mayar da ita don karatu, kuma duk ƙarshen shekara nake zuwa in yi wata guda. A wannan shekarar babu hanya sai ta daji da masu babur, maigida ya ce bai yarda ba. Waya ma sai an kai caji wajen mai sola kafin in ji muryarta. Na rame, na daina fita, ko tsokanar da matan gida ke yi mini na daina ramawa. Cikin Disamba ya shigo da yamma ya ce in haɗa kayan kwana biyu, amarya ta tashi. Man fetur a lokacin, tun bayan cire tallafi a watan Mayu, ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 600 a lita, na ce wannan ai ɓarna ce. Ya ce kuɗin motar Kano da na tara ne za mu ƙona kaɗan daga ciki, tunda dai Kano ba ta kai ni gida.

Rigimar da muka yi ta gaskiya a kan kare ce. Akwai wani baƙin kare a garejin, yaran aiki na ce masa Bingo kamar kowane kare a Legas, maigida na ce masa Duna. Shi ke gadin wurin, kuma a ƙarƙashin motar nan ya girma. Da aka tayar da ita ya yi tsalle ya shige ya kwanta tsakanin kujerun gaba, kamar da shi aka yi shawara. Na tsaya a waje da ƙullin kayana na ce ko ni ko shi. Maigida ya kawo mini karatu: a mazhabarmu ta Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne, ƙwaryar da ya sa baki a ciki ce ake wankewa sau bakwai, kuma ba a hana ajiye kare don tsaro ba. Na ce duk na sani, amma karen gidanmu a zaure yake kwana, bai taɓa ganin gadon Inna ba. Muka daidaita a kan sharaɗi uku: kwanonsa daban, ba ya haye inda darduma take, da dare kuma a waje.

Muka bi ta Iyana-Ipaja da Igando muka faɗa babbar hanyar Badagry a Iyana-Iba. A Alaba Rago muka tsaya, kasuwar dabbobi da a lokacin take cike da mutanenmu, maigida ya sayi balangu, 'yan Tawa da 'yan Maraɗi suka kewaye motar suna leƙen gado suna dariya. Daga Agbara zuwa gaba kuwa shinge ne bayan shinge, don hanyar Seme ce, iyakar Benin, kuma mota irin tamu kowa zato yake shinkafa ta ɗauko ko za ta ɗauko. Gabana ya yi ta faɗuwa, na damƙe takarduna a cikin hijabi, don lokacin kalmar Nijar kaɗai tana iya jawo dogon bayani. A wani shingen wani mai kaki ya zuro kai ta taga zai fara tambaya, Duna ya ɗago ya yi gurnani ƙasa-ƙasa, bai ko yi haushi ba. Mutumin ya ja da baya ya ce mu wuce. Tun daga nan na fara sassauta masa, har na jefa masa ƙashi ba tare da na kalle shi ba.

Bayan garin Badagry maigida ya san wani mai gonar kwakwa da ya taɓa yi wa gyara, shi ya ba mu wuri a gefen gonarsa. Muna sauka daga kwalta tayar baya ta nutse a yashi. Matasa biyar na ƙauyen, Egun ne masunta, suka turo mu da ganyen kwakwa a ƙarƙashin taya, aka sallame su da kuɗin goro. Sai maigida ya kashe inji, na ji wata ƙara da na ɗauka janareton wata masana'anta ce. Ya ce in sauko in gani.

Na yi kusan shekara uku a Legas, na ga ruwa daga kan gada, amma wannan ne karo na farko da na tsaya gaban teku ba komai tsakanina da shi. Tun ina yarinya nake jin ana cewa raƙuman ruwa, ranar na gane wanda ya raɗa sunan ya san raƙumi: su taso da tozo, su yi layi, su durƙusa a gabanka da kumfa a baki. Ni 'yar garin da mata ke tashi da asuba su bi layin famfo, garin da kowa ya san ƙishirwarsa, ga ruwa har inda ido ya ƙare. Maigida ya ce a yi alwala da shi, Annabi ya ce ruwansa mai tsarkakewa ne. Na ɗiba na kurkure baki, gishiri ya kama mini harshe har hawaye. Duna kuwa ya bi wata ƙaguwa da gudu, taguwa ta mare shi, ya dawo yana atishawa ya ɓuya bayan taya.

Da magariba ta wuce muka ɗaga rufi, muka ɗaura gidan sauro. Gadon ƙasa a kan inji yake, har lokacin da ɗuminsa kamar gadon mai jego, don haka na fitar da tabarma na shimfiɗa a yashi. Maigida ya hura gawayi a ɗan murhun waya ya ɗora shayi irin namu, zagaye uku, na farko mai ɗaci. Na kwanta rigingine. Hazon hunturu ya ɗan rufe sama, taurarin ba su kai na gida yawa ba, amma na ga kaza da 'ya'yanta a inda na bar su. Ban san lokacin da kuka ya zo mini ba, kuma Malam, Allah ya saka masa, bai ce uffan ba, ya ci gaba da fifita gawayinsa.

Kwanan waje a nan dai ba irin namu ba ne. A Damagaram ƙura ce ke tashin ka, a nan raɓa. Wajen ƙarfe biyun dare zanena ya jiƙe sharkaf, jikina na danƙo da gishiri, wasu ƙananan ƙwari da gidan sauro bai san da su ba sun yi mini kaca-kaca da ƙafa. Na tattara na hau gadon sama, inda iska ke shiga ta ragar tantin. Can cikin dare Duna ya yi haushi sau biyu, muka ji takun mutum ya tsaya, ya juya. Wataƙila masunci ne zai duba kwalekwalensa. Da asuba na sauko na tarar da shi kwance daidai bakin ƙofa, kansa a kan takalmina. Na wanke takalmin, amma ban faɗa wa kowa ba.

Da hantsi masunta suka fara jan taru, mutum ashirin ko fi a igiya ɗaya, suna waƙa suna ja da baya. Mata na jira da robobi. Na sayi kifi da hannu da ido, ba Hausa ba Faransanci, na soya a murhun Bature da yajin da Inna ta daka mini tun bara, wanda nake ta tattali.

Rana ta biyu muka bar motar da karen wajen mai gona muka shiga gari. Mun ga benen da 'yan mishan suka gama a 1845, wanda ake cewa shi ne bene na farko a Najeriya, ɗan ƙarami da shi. Muka hau kwalekwale zuwa tsibirin Gberefu, muka bi hanyar yashin da ake bi da bayi zuwa bakin jirgi. A tsakiyar hanya akwai wata rijiya, mai yi mana jagora ya ce ruwanta ake ba su don su manta inda suka fito. Na leƙa, ruwa ne kore da ganye a kai. Maigida ya ce cikin waɗanda aka bi da su ta wannan gaɓar har da masu jin Hausa, an same su a Barazil. Ni da iyaka ta tsare wata biyar kacal nake neman zaucewa, sai na ji kunyar ramar da na yi. Ban yi magana ba har muka koma kwalekwale.

Kafin mu taso na cika gorar roba da ruwan teku, na tsinci bawon katantanwa cike da leda. A hanyar dawowa gosulo ya riƙe mu awa uku a Okokomaiko, Duna na barci a kan ƙafata, na ƙyale shi.

An buɗe iyaka a watan Maris na 2024, na yi ƙaramar Sallah a gida. Ɗiyata ta jera bawon a kan tabarma tana ƙirgawa da Faransanci, ita tambayarta ɗaya, wai da gaske kare ya shiga mota. Inna kuwa gorar ta karɓa, ta ɗaga ta a rana, ta tsiyaya kaɗan a tafin hannu ta lasa. Ta tofar, ta goge baki da gefen mayafi.

“Duk ruwan nan da kika cika mini kunne da shi a waya, haka yake?”

Na ce haka yake, Inna.

“Ba a sha, ba a wanki?”

Na ce sai dai alwala.

Ta rufe gorar ta tura ta ƙarƙashin gado, ta ce wa ɗiyata ta ɗauko jarka, an ce famfon unguwa ya kawo.