Autana zai tsare raga, ni kuwa John Thomson nake tunawa

Giɓin da ke bakina ba wushirya ba ce. Gwiwar wani ɗan wasan gaba ce ta yi min shi, a wani filin ƙasa da ke wajen Ƙofar Na'isa, lokacin ina golan unguwarmu. Ranar Inna ta ɗauki safar hannun da na saya a gwanjon Ƙofar Wambai ta cusa a murhu, ni da tamaula muka yi sallama. To jiya sai ga autana ya dawo daga makaranta da murnarsa: "Baba, koci ya ce ni zan tsare raga." Na ce Allah ya taimaka. Amma da dare barci ya ƙi zuwa, wani tsohon gola, John Thomson, ya yi ta faɗo min a rai.

Ɗan Sikotland ne, an haife shi a 1909, ya tashi a Cardenden da ke yankin Fife, garin masu haƙar kwal. Yana da shekara 14 shi ma ya bi mahaifinsa rami. Celtic ta ɗauke shi a 1926 kan fam 10 kacal, farkon 1927 ya fara tsare mata raga, kuma a shekarar suka ci kofin ƙalubalen ƙasar. Sun sake ci da shi a 1931. Sau huɗu ya buga wa ƙasarsa.

Ba shi da wani jikin kirki, ga shi gola a wancan zamani ba shi da gata. Dokar wasa ta yarda a bangaje shi da kafaɗa, idan ta kama a cusa shi raga har da ƙwallon. Ƙwallon fata ce mai igiya, in ta sha ruwa sai ta koma kamar dutsen guga. Babu canjin ɗan wasa. Shi kuma Thomson halinsa ɗaya, ba ya jiran ka buga, kansa zai kai ƙafarka ya ɗauke ƙwallon. Duk wanda ya taɓa tsayawa a raga ya san wannan lokacin: ka ga mutum ya taho shi kaɗai, zuciya ta ce fita, jiki ya ce tsaya. A 1930, a wasa da Airdrie, haka ya fita aka karya masa muƙamuƙi, haƙora biyu suka zube. Ya warke ya koma. Ni guda ɗaya na rasa aka raba ni da fili.

Ran 5 ga Satumba 1931 Celtic ta je wa Rangers a filinta na Ibrox, mutum kusan 80,000 na kallo. An dawo hutun rabin lokaci ba da jimawa ba, ɗan wasan gaban Rangers Sam English ya kufce da ƙwallo, Thomson ya fita kamar yadda ya saba, kansa ya haɗu da gwiwar English. Ƙwallon ta yi waje. Ƙashin kansa ya fashe, a daren ya rasu a asibitin Victoria na Glasgow, yana da shekara 22. Abokin wasansa Chic Geatons ne ya ƙarasa tsaron ragar, aka tashi babu ci. Mutum wajen 30,000 suka je binne shi, wasu a ƙafa suka taka mil 55 daga Glasgow.

Da ina yaro da Thomson kaɗai zan ji wa. Yanzu da furfura ta fara, English ya fi tsaya min a rai. Bincike ya wanke shi, iyalan mamacin ma sun ce tsautsayi ne. A kakar ya ci wa Rangers ƙwallo 44 a lig, amma 'yan kallo ba su bar shi ba, filin da ya shiga sai an yi masa ihun mai kisan kai. Ya koma Liverpool a 1933, abin ya bi shi can, ya ajiye takalmi da wuri.

Wanda ya cire min haƙori yana nan a Kwari yana sayar da shadda. Fiye da shekara ashirin ke nan, amma duk sanda muka gaisa sai idonsa ya sauka a bakina kafin ya kalli fuskata, kuma bai taɓa yarda na biya cikakken kuɗin yadi ba.

Da safen nan auta ya ce a sayo masa safar hannu. Na ce ranar Asabar mu leƙa Wambai, amma kada ya gaya wa kakarsa tukuna.