Inda Muka Kai a Haɗa Gmail da Thunderbird

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyo. Aikin wannan karon shi ne haɗa akwatin Gmail da Thunderbird, manhajar karanta imel da aika shi, a kwamfutar tebur ko laftof. Thunderbird kyauta ce, daga gidan Mozilla ta fito, tana aiki a Windows da Linux da Mac. Amfaninta a garin nan ba ɓoyayye ba ne: saƙon da ya riga ya sauka yana nan cikin kwamfuta, ko netwok ya ɗauke za ka karanta abinka, ka rubuta amsa ka ajiye, in ya dawo ka tura.

Haɗawar kanta ba ta da wuya. Da ka buɗe manhajar za ta nemi sunanka da cikakken adireshin imel, ta nemo saitin Gmail da kanta, sannan ta ba ka zaɓi tsakanin IMAP da POP3. Ku ɗauki IMAP. Da shi, ainihin saƙonnin suna zaune a sabar Google, wato manyan kwamfutocin da Google ke ajiye saƙonni a ciki, kwamfuta da waya duk abu ɗaya suke gani: wanda ka karanta a nan zai nuna an karanta a can, wanda ka goge a waya zai ɓace a kwamfuta. POP3 kuwa kwaso saƙo kawai yake yi ya jibge a na'ura ɗaya, babu ruwansa da foldojin da ka tsara, kuma a wasu sabobin yakan share na can bayan ya kwaso. Ranar da hard disk ɗin, wato ma'ajiyar bayanan kwamfutar, ya mutu, saƙonnin sun bi shi. Ga wanda ke duba imel a waya, kuma kusan dukkanmu ne, POP3 ba shi da wani amfani.

Bayan nan wata 'yar taga ta Google za ta buɗe, a nan za ka sa kalmar sirri, ka amince wa Thunderbird ta shiga akwatin. Wannan hanyar ita ake kira OAuth2. Tun a 2022 Google ya daina karɓar kalmar sirri kai tsaye daga manhajojin waje, shi ya sa tsofaffin bayanan da ke cewa a kunna izinin manhajoji marasa tsaro ba sa aiki yanzu. Idan tagar ta tsaya fara fat, ko ta yi ta dawo da kai farko, duba sashen sirri na saitin Thunderbird ka tabbatar an yarda da kukis (cookies), wato 'yan bayanan da shafin intanet ke ajiyewa a kwamfuta. Tsohuwar manhajar da ba ta san OAuth2 ba kuwa sai an yi mata kalmar sirri ta musamman mai haruffa 16 daga asusun Google, ita ma ba ta samuwa sai an kunna tabbatarwa mai mataki biyu.

In manhajar ta kasa nemo saitin, a sa da hannu. Na shigowar saƙo: imap.gmail.com, ƙofa (Port) 993, tsaro SSL/TLS. Na fita: smtp.gmail.com, ƙofa 465 da SSL/TLS, ko 587 da STARTTLS. Kada a haɗa 465 da STARTTLS; kowace ƙofa da irin tsaronta, in aka cakuɗa sai saƙo ya yi ta juyawa har lokaci ya ƙare. Sunan mai shiga shi ne adireshin gaba ɗaya har da @gmail.com. Duk sanda saƙo yake shigowa amma ba ya fita, to ɓangaren SMTP, wato saitin fitar saƙo, za a duba, ba sai an rushe asusun an sake ba.

Akwai matsalar da ke wahalar da masu kwamfuta 'yar Beljiyam, irin waɗanda ake saye a Beirut Road ta Kano: komai daidai, amma manhajar ta ce ba ta yarda da takardar shaidar sabar ba. Kafin ka zargi kalmar sirri, kalli agogon da ke kusurwar allo. Takardar shaidar tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, kwamfutar da ke ganin shekarar baya kuwa za ta ɗauka takardar ba ta fara aiki ba. Yawanci ɗan batirin CR2032 da ke kan madabod, wato babban allon cikin kwamfuta, ne ya mutu, shi ya sa duk sanda aka ɗauke wuta kwanan wata ya koma baya. A canja batirin, a saita yankin lokaci a na Afirka ta Yamma, UTC+1. Don Allah kada a danna maɓallin da ke cewa a amince da takardar haka nan. Gyara agogon shi ne magani.

Yanzu ga inda ya fi kamata a natsu, wato data. Da zarar an gama haɗawa, Thunderbird za ta fara sauke duk abin da ke akwatin, da hotuna da takardun da aka liƙa, tun daga ranar da aka buɗe shi. Google yana ba da 15GB kyauta, kuma akwatin da ya shekara goma yana iya ɗauke da kaso mai tsoka na wannan. Wanda ya jona da hotspot ɗin wayarsa zai ga datar wata ta ƙare kafin la'asar. Saboda haka, kana gama shiga, wuce Account Settings, ka buɗe Synchronization & Storage. Zaɓi a sauke na kwanaki 30 na baya-bayan nan kawai, sannan ka kunna layin da ke hana sauke saƙon da ya wuce wani girma. 50KB ne a rubuce, kana iya ɗaga shi zuwa 500. Manyan saƙonnin ba su ɓata ba, kansu zai fito a jeri, sai ka danna sannan su sauko.

Sai foldar All Mail. Gmail ba ya aiki da folda ta gaskiya, lakabi yake manna wa saƙo, kuma All Mail ta ƙunshi kusan komai. Thunderbird kuwa kowane lakabi folda take ɗaukarsa, don haka saƙo ɗaya sai ya sauka sau biyu, ko uku in yana da lakabi. Danna dama a kan sunan asusun, zaɓi Subscribe, ka cire alamar da ke gaban All Mail da Important. Haka nan a Copies & Folders, cire alamar ajiye kwafin saƙon da aka aika, domin Gmail yana ajiyewa da kansa.

Masu shagon buga takardu da ofisoshin da mutum fiye da ɗaya ke taɓa kwamfuta, ku sa Primary Password, wato babbar kalmar sirri ta Thunderbird, amma ku sani iyakarta kare kalmomin sirrin da aka adana. Saƙon da ya riga ya sauka kowa zai iya karantawa. Kariyar gaske ita ce kowa da nasa asusun Windows.

Gwajin ƙarshe: aika wa kanka saƙo daga kwamfutar, ka ga ya iso waya, ka goge shi a wayar, ka duba ko ya ɓace a Thunderbird. In duka sun yi, haɗi ya kammala. Abin da ke gabanmu in sha Allahu shi ne ƙara asusu na biyu, na Yahoo, wanda ke amfani da imap.mail.yahoo.com a ƙofa 993, da kuma kwafe foldar Profiles, inda Thunderbird ke adana saƙonni da saiti, zuwa filashi domin ajiya. Kowa ya zo da filashin da ke da wuri.