Ƙanina ya fara takawa

Alhamdulillah jama'a, ƙanina ya fara takawa da sanda.

Gudawa ya yi, ta warke. Bayan ɗan lokaci sai ƙafafunsa suka yi nauyi, yatsu kamar ana tsira masa allura, raunin ya yi ta hawa har ya kasa riƙe kofin shayi. A unguwa wasu suka ce iska ce, wasu sammu. Likita a nan Katsina ya ce Guillain-Barré ce: garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa jijiyoyi, saƙon ƙwaƙwalwa ya daina isa ga tsoka. Wani har numfashinsa take kamawa, shi ya sa jinkirin zuwa asibiti ke ba ni tsoro.

Masu gashin ƙashi kuwa, Allah Ya biya su. Kullum a lanƙwasa gwiwa a miƙe kada ta sandare, a juya shi saboda gyambon kwanciya, sannan zama a bakin gado, sannan tsayuwa tsakanin ƙarafa biyu yana haɗa gumi. Da mahaifiyarmu ta ƙosa, ma'aikacin ya ce, "Hajiya, a bi shi a sannu, gajiya baya take mai da shi."

Yatsun hannu ne suka rage, maɓallin riga har yanzu yana gagararsa. Ku sa shi a addu'a.