Majigi, batir da ruwan kwata: yadda na sake koyon koyar da kimiyya

A ƙaramar sakandaren da nake koyarwa, a wata unguwar talakawa da ke wajen ganuwar Kano, akwai ɗakin da aka ware don gwaje-gwajen kimiyya, amma ba abin da ke cikinsa sai karyayyun kujeru da ƙura. Na yi shekaru ina zana batir da waya da ƙwan fitila a kan allo, yara fiye da saba'in suna kwafa, su haddace, su amayar a ranar jarrabawa, sannan su manta. Saboda haka, ranar da wani tsohon ɗalibinmu ya kawo mana kyautar kwamfuta da ƙaramin majigi, na ɗauka cewa kakata ta yanke saƙa.

Manhajar da na fara da ita ita ce PhET, mai kwaikwayon gwaje-gwajen kimiyya a cikin kwamfuta, wadda Carl Wieman, masanin da ya samu kyautar Nobel a fannin fiziks a 2001, ya kafa a Jami'ar Colorado ta Amurka a 2002. Kyauta ce, kuma idan aka sauke ta sau ɗaya tana aiki ba tare da intanet ba, wanda ba ƙaramin sauƙi ba ne ga malamin da yake sayen data daga albashinsa. Muka rataye farin zanen gado a bango, muka toshe tagogi da tabarmi, na haɗa batir da makunni da ƙwan fitila a cikin kwamfutar, fitila ta kama. Ajin da ban taɓa samun shirunsa ba ya yi tsit.

Bayan mako guda na yi musu tambayoyi, sai jikina ya yi sanyi. Mafi yawansu suna nan a kan tsohon tunaninsu cewa ƙwan fitila shanye wutar yake yi, har babu abin da ke komawa batir ta ɗaya wayar, alhali sun ga ɗigo-ɗigon lantarki suna zagayawa a gaban idonsu. Laifin nawa ne, domin na mai da su 'yan kallo, su kuma suka kalli darasin kamar yadda suke kallon fim a gidan kallo.

Daga nan na sauya tsari. Kafin in taɓa komai nakan tambaye su abin da suke zaton zai faru idan an ƙara fitila ta biyu, a ɗaga hannu, in rubuta ƙuri'un a allo, sannan ɗaya daga cikinsu ya fito ya gwada. Da zarar yaro ya furta ra'ayinsa a gaban jama'a, idonsa ba ya barin zanen nan sai ya ga ko shi ne da gaskiya. Na kuma sa suka tattaro tsofaffin tocila da guntayen waya, muka sayi batura a kanti, kowane rukuni ya haɗa da hannunsa abin da ya gani a bango. A nan ne wani yaro da na daɗe ina ɗauka a matsayin daƙiƙi, wanda yake taya yayansa aiki a shagon cajin waya, ya jera fitilu biyu kowace da hanyarta, ya ce: "Malam, ai haka muke jera soket a shagon Yaya, in ɗaya ya mutu sauran suna nan da wuta." Ya san haɗin tun kafin in koyar da shi, sunansa na Turanci kawai ya rage masa. Tun daga ranar nake fara bayani da Hausa, sai an fahimta in kawo kalmar da za su tarar a takardar jarrabawa.

Ɗaukewar wuta kuwa ta sa dole na koyi shirya kowane darasi kashi biyu, na majigi da na alli. Haka nan sai da na kafa dokar karɓa-karɓa, domin manyan samarin aji sun mamaye kwamfutar, 'yan mata kuma, waɗanda wasunsu daga talla suke wucewa makaranta, suna can baya ba sa ko yunƙurin tasowa.

Darasin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Foldscope, madubin likita na takarda da Manu Prakash da abokin aikinsa suka ƙirƙiro a Jami'ar Stanford, wanda yake ƙara girman abu sau 140. Wani abokina ya ba ni guda biyu. Muka ɗibo ruwa daga kwatar da ke bakin makaranta, na manna madubin a kyamarar wayata, yara suka ga ƙananan halittu suna ta iyo a cikin ɗigo guda. Wata yarinya ta ce: "Malam, to ruwan randarmu ma haka yake?" Washegari ta kawo shi a gora, muka duba, ba mu ga komai yana motsi ba, ta yi murna. Sai da na rage mata murnar, na bayyana mata cewa ƙwayar cutar kwalara ta yi ƙanƙantar da wannan madubi ba zai nuna ta sosai ba, don haka ruwan da ya fito garau a nan ma yana iya buƙatar tafasawa. Ranar Litinin da ta biyo baya na tarar da goruna tara a jere a kan teburina, kowace da takarda manne a jikinta, an rubuta ko daga rijiya aka ɗebo, ko daga famfo, ko daga jarkar mai kura.