Ɗigo shida da suka juya

A cikin binciken maganaɗisu kaf, babu hoton da na fi komawa gare shi kamar wani mai ɗigo shida masu haske, a jere a da'ira kan baƙin fili. Ana samun sa ne idan aka harba niyutiron, wato ƙananan ɓurɓushi marasa caji na cikin ƙwayar zarra, cikin ɗan kiristal na Cu2OSeO3, koren abu mai duhu, haɗin tagulla da iskar oksijin da seleniyom. Ɗigon nan shida shaida ce cewa sikirmiyon sun yi sahu a ciki, kowane ɗaya da maƙwabta shida.

Shi sikirmiyon wata murɗiya ce a tsarin maganaɗisun ƙwayoyin zarra. Na tsakiya suna kallon ƙasa, na gefe suna kallon sama, na tsakaninsu kuma suna karkata sannu a hankali har su zagayo. Kamar ƙulli yake a igiya: ja ba ya warware shi cikin sauƙi. Sunan ya samo asali ne daga Tony Skyrme, masanin fisiks ɗan Ingila da ya kawo lissafin a farkon shekarun 1960, alhali shi cikin ƙwayar zarra yake nazari. Sai a 2009 aka gan su a Jamus, cikin MnSi, haɗin manganis da silikon.

To, MnSi ƙarfe ne, da wuta mai gudana ake tura sikirmiyon ɗinsa. Wutar da ake bukata kaɗan ce ƙwarai, amma duk inda wuta ta gudana sai ta bar zafi, kuma zafin nan shi ne ciwon kan masu ƙera kwamfuta, waɗanda ake fatan su yi amfani da sikirmiyon wajen ajiye bayanai. Shi ya sa abin da Shinichiro Seki da Yoshinori Tokura da abokan aikinsu suka gano a Japan a 2012 ya girgiza ni. Cu2OSeO3 wuta ba ta ratsa shi, ga shi kuma da sikirmiyon masu faɗin kusan nanomita 60 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). Abin da ya fi, maganaɗisunsa da lantarkinsa a ɗaure suke. Duk inda maganaɗisun tagulla ya karkata, cajin da ke tsakaninsa da oksijin na kusa sai ya ɗan gusa, don haka kowace murɗiya tana ɗauke da nata ɗan rabon caji. Kenan kana iya manna wayoyi biyu a fuskokin kiristal ɗin, ka ɗora masa ƙarfin lantarki, ka taɓa maganaɗisun ciki ba tare da wata wuta ta kirki ta wuce ba.

Haka kuwa aka yi. A 2014, Jonathan White da tawagarsa a Suwizalan suka nuna ɗigon shidan suna juyawa idan aka sauya ƙarfin lantarkin, juyin da ya kai kusan digiri 25. Sahun gaba ɗaya ya waiga.

Amma ni aikin 2016 na Okamura da su Tokura ya fi kama min hankali, domin ya taɓa rayuwar sikirmiyon ɗin kanta. A wannan kiristal, wurin zamansu matsattse ne: 'yan digiri kaɗan ƙasa da 58 a ma'aunin zafi na kelbin, cikin filin maganaɗisu mai rauni. Ka ɗan kauce, sai tsarin ya koma wani daban mai siffar mazurari, wanda ke takara da su. Bambancin kuzari tsakanin biyun ƙanƙani ne sosai, har ɗan turin lantarki ya isa ya raba gardamar. Ka ɗora shi ta wannan fuska, wurin zaman ya faɗaɗa. Ka juya shi, ya tsuke. A bakin iyaka kuwa, wannan na nufin samuwa ko rashi. Ga mai tunanin ajiye bayanai, ɗaya da sifilin kwamfuta kenan.

Sai dai kelbin 58 daidai yake da kusan digiri 215 ƙasa da sifili a ma'aunin Salsiyos. Ko ruwan naitirojin, mai kelbin 77, bai kai wannan sanyi ba. Ƙarfin lantarkin ma ba wasa ba ne, dubban bolt a kowace santimita, ko da yake idan aka sirance kiristal ɗin sosai adadin bolt ɗin zai sauko. Wani kiristal, GaV4S8, ɗan'uwan Cu2OSeO3 a wannan hali, ya fi shi son sanyi, wajen kelbin 13. Masu sikirmiyon a zafin ɗaki, irin gamin kobalt da zink da manganis da aka ruwaito a 2015, galibi ƙarafa ne, mun koma gidan jiya.

Ba na jin daɗi idan na ga ana tallata binciken nan kamar gobe za a sa shi a waya. Hakan yana rage masa daraja, don wanda aka yi wa alkawarin na'ura bai gani ba zai ɗauka an sha ƙasa. Abin da ake nema yanzu a fili yake: abu ɗaya da wuta ba ta ratsa shi, mai murɗaɗɗen maganaɗisu da ke jure zafin ɗaki, kuma mai ɗaurin lantarki da ya fi na Cu2OSeO3 ƙarfi. Wasu sun bi ta wata hanya, suna shimfiɗa siririn ƙarfe kan abin da ke miƙewa ko tsukewa idan ya ji lantarki. Ni dai hankalina yana kan masu toya sababbin kiristal.